Sharhi: Daidaita Na'urar Watsa Talabijin Da Makomar Masu Kallo A Kazaure, Babura, Roni Da Gwiwa

Daga cikin koke-koken da jami'an yaɗa labarai suka saba ji a wuraren taruwar jama'a a ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, akwai batun hoton talabijin. Magidanci zai sayi akwatin talabijin, ya kafa doguwar sanda, ya ɗaura eriya a kanta, amma abin da zai samu bai wuce hoto mai yayyafi ba, wani lokaci ma murya kawai. Shawarar da aka fi bayarwa a irin waɗannan wurare ita ce a sayo babbar na'urar watsa shirye-shirye mai ƙarfin gaske a girka a Dutse, kowa ya huta. A cikin wannan sharhi muna so mu nuna cewa wannan shawara, duk da kyakkyawar niyyar masu ba da ita, ba za ta biya bukatar wannan yanki ba. Abin da ke kai hoto gida shi ne wurin da aka kafa na'urar da kuma yadda ake daidaita ta a kai a kai, kuma ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai su san wannan kafin a kashe ko kwabo na dukiyar jama'a.

Batun ya wuce na nishaɗi. Ta rediyo da talabijin ne manomi ke jin hasashen damina, da lokacin rabon taki, da ranakun rigakafin yara, da gargaɗin ambaliya irin wadda ta yi wa jiharmu mummunar ɓarna a shekarar 2022. Yankin da sanarwar gwamnatinsa ba ta isa gare shi a kan lokaci, shi ne yankin da jita-jita ke riga gaskiya isa.

Dalilin da ya sa eriyoyinmu ke duban Kano

Idan za a iya tunawa, talabijin ya fara aiki a Nijeriya ne a birnin Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959. Arewa ta samu nata a Kaduna a shekarar 1962, sannan a 1977 aka haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin Hukumar NTA. A zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi tsohuwar Jihar Kano ta kafa gidan talabijin nata, CTV 67, wanda daga baya aka sa masa sunan marigayin, ake kiransa ARTV. A duk tsawon wannan lokaci Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suna tare da Kano, don haka Kano aka saba juya wa eriya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, hedikwata ta koma Dutse, inda daga bisani aka samu tashar NTA da gidan talabijin na jiha. Sai dai ƙirƙirar jiha ba ta gusar da gari daga inda Allah Ya ajiye shi. A miƙe, tsakanin Kazaure da Kano kimanin kilomita 70 ne, alhali tsakanin Kazaure da Dutse ya kai kimanin kilomita 140. Roni da Gwiwa, da ke yamma a kan iyakar Jihar Katsina, sun fi haka nisa. Babura ce ta fi kusa, ita ma ta haura kilomita 100. Ko a mota ma, wanda zai je Dutse daga Kazaure galibi sai ya ratsa ta cikin Jihar Kano.

Nisa da lanƙwasar ƙasa

Siginar talabijin ta bambanta da ta rediyo mai gajeren zango, wadda ke dokan sararin samaniya ta dawo ƙasa, har mutum ya kama Landan ko Jamus daga ƙauyensa. Ita siginar talabijin tafiya take a miƙe kamar hasken tocila, kuma da yake duniya a dunƙule take, bayan wata tazara sai ƙasa ta lanƙwashe, siginar ta wuce ta saman gidaje. Injiniyoyi suna da lissafin wannan tazara. Hasumiya mai tsayin mita 100 tana hango kimanin kilomita 41, mai mita 150 kuma kimanin kilomita 50. Sandar eriya ta gida mai tsayin mita 10 tana ƙara kimanin kilomita 13 a kan haka. Kafin tazarar ta ninka sau biyu, sai tsayin hasumiyar ya ninka sau huɗu.

Bisa wannan lissafi, ko da an ɗora hasumiya a kan tsauni har eriyarta ta kai mita 300 sama da filin da ke kewaye, iyakar abin da za ta hango bai kai kilomita 90 ba. Hasumiyar da za ta hango Kazaure daga Dutse kai tsaye sai ta haura mita 900, wato ta fi benen Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, wanda ya fi kowane gini tsawo a duniya. Gaskiya ne wani ɓangare na sigina yakan ɗan zarce wannan iyaka, amma yana raunana cikin hanzari, ta yadda ninka ƙarfin na'ura sau biyu ba ya ƙara wa tazarar sai 'yan kilomitoci, ga kuɗin man dizal da na wuta sun tashi. Bugu da ƙari, duwatsun da suka kewaye Kazaure da Roni suna yi wa ƙauyukan da ke bayansu inuwa, kamar yadda katanga ke tare hasken fitila. Hatta Kano da ke kilomita 70, a gefen iyakar take, shi ya sa sandunan eriya a wannan yanki suka fi na cikin birni tsawo.

Abin da ake nufi da daidaita na'ura

Duk da haka, ba kowace matsala ce ta nisa ba. Na'urar da aka bari ba a daidaita ta ba tana iya rasa wani babban yanki na iyakar da ya kamata ta kai, kuma mutanen da ke gefen iyakar, irin namu, su ne na farko da hoto ke ɓace wa. Ga abubuwan da injiniya ke dubawa idan an ce ana daidaita na'ura.

Na farko shi ne zango. Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi, kuma kowace tasha tana da gurbin da aka keɓe mata. A zangon UHF faɗin kowane gurbi megahaz 8 ne, gurbi na 21 yana farawa daga megahaz 470. Idan agogon cikin na'ura ya goce ko da kaɗan ne, siginar za ta kauce daga tsakiyar gurbinta. Na'urorin zamani suna saita wannan agogo da taurarin GPS, amma dole a riƙa tabbatar da cewa haɗin yana aiki.

Na biyu shi ne tsabtar sigina. Sashen da ke ƙara wa sigina ƙarfi yana kama da lasifikar masallaci: in an murɗa ta fiye da kima, ƙara za ta yi yawa amma ba za a fahimci abin da liman ke faɗa ba. Haka siginar da aka matsa wa ke gurɓacewa, ta kuma malala cikin gurbin maƙwabta. Saboda haka ake saita wani sashe da ke gyara gurɓacewar tun kafin ta auku, sannan a bi da siginar ta cikin matata wadda ke yanke abin da ya yi saura a gefe. Sau da yawa rage ƙarfi kaɗan tare da tsabtace sigina yakan sa hoto ya kai inda bai kai ba a da.

Na uku shi ne ƙarfin da ke dawowa. Tsakanin ɗakin na'ura da ƙolin hasumiya akwai wani kakkauran kebul. Idan ruwan sama ya shiga cikinsa, ko wata mahaɗa ta kwance, ko tsawa ta taɓa eriya, wani ɓangare na ƙarfin da aka tura sama zai juyo ƙasa ya koma zafi. Ma'aunin wannan shi ne wanda injiniyoyi ke kira VSWR. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne ke dawowa. In ya kai 2, kashi 11 ne. Tun kafin a kai nan na'urar zamani takan rage ƙarfinta da kanta don kada ta ƙone. A irin wannan hali ma'aikatan tasha za su ga komai na tafiya a allon da ke gabansu, mutanen cikin gari su ci gaba da kallo, alhali ƙauyukan nesa sun yi makonni babu hoto.

Na huɗu shi ne fuskar eriya. Eriyar tasha faifai ne da yawa da aka jera a jikin hasumiya, kowane da inda ya dosa, aka kuma ɗan sunkuyar da su don siginar ta sauka a kan gidaje. Guguwar farkon damina tana iya juya faifai ɗaya, sai wani sashe na ƙasa ya rasa rabonsa. Haka kuma akwai tashar da ke watsa siginarta a kwance, akwai mai watsawa a tsaye, kuma wajibi ne haƙoran eriyar gida su bi yadda ta tasha take.

Na biyar shi ne sanyi da wuta. Ƙurar hunturu tana toshe rariyar iskar da ke sanyaya na'ura, zafin bazara ya zo ya tarar da ita a shaƙe. Wutar da ke hawa da sauka tana kashe sassan na'ura, rashin wayar ƙasa mai kyau kuma yana mayar da hasumiya matattarar tsawa. Don haka akwai lokuta biyu da bai kamata a tsallake duba na'ura ba a wannan yanki namu: bayan hunturu, kafin zafi ya kankama, da kuma bayan ruwan farko.

Aikin ba ya cika sai an fita daga ɗakin na'ura. Bisa ƙa'ida, ana ɗaukar na'urar awo a mota, a je gari-gari, a ɗaga eriya mita 10, a rubuta ƙarfin sigina da tsabtarta a kowane wuri. Wannan awo ne kaɗai ke bambance garin da gyara zai wadatar da shi da garin da nisa ko dutse ya tare.

Sauyi zuwa tsarin dijital

Wannan batu ya ƙara muhimmanci saboda sauyin da ƙasar nan ke ciki daga tsohon tsarin analog zuwa na dijital. A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka rattaba hannu a kan yarjejeniya a birnin Janiba, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, inda aka tsayar da 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin kammala sauyin a zangon UHF. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, da 2015, da 2017, duk ba a cim ma su ba. An fara gwaji a Jos a watan Afrilun 2016, aka bi da Abuja a ƙarshen wannan shekara, sai Ilori da Kaduna a 2017, Inugu da Oshogbo a 2018, Legas a watan Afrilun 2021, sannan Kano a watan Nuwamban 2021.

Amfanin sabon tsarin a bayyane yake. Nijeriya ta zaɓi tsarin DVB-T2, wanda a cikinsa gurbi ɗaya da a da ke ɗaukar tasha guda yana iya ɗaukar tashoshi kusan ashirin. Guraben da aka samu rara kuwa, daga megahaz 694 zuwa sama, an amince a duniya a ba kamfanonin wayar salula domin intanet. Gurbi na 67, wanda CTV ta samo sunanta daga gare shi, yana cikin wannan sashe.

Sai dai akwai abin da mazauna karkara ya kamata su lura da shi. A tsohon tsari, wanda ke nesa yakan samu hoto mai yayyafi, ya yi haƙuri da shi ya saurari labarai. Dijital ba ya rangwame irin wannan: ko dai hoto ya fito tangaran, ko ya daskare ya farfashe, ko allo ya yi baƙi. Ƙaramin sakaci wajen daidaita na'ura, wanda a da ke ƙara yayyafi kawai, a sabon tsari yana iya ɗauke wa gunduma guda hoto gaba ɗaya. Har ila yau, tun bayan wa'adin 2015, yarjejeniyar ba ta kare tashar analog ta zangon UHF daga katsalandan ɗin siginar wata ƙasa, kuma wannan ya shafi wurare irin Babura da ba su da nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar.

Wani sauyin kuma na tsarin aiki ne. Manufar Gwamnatin Tarayya ta raba mai shirya shirye-shirye da mai watsa sigina, inda aka ba kamfanonin ITS da Pinnacle lasisin watsawa. Ma'ana, a ƙarƙashin wannan tsari gidan talabijin zai shirya labaransa ya miƙa wa mai hasumiya. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi su san wannan, domin su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan sun tashi kai kuka.

Hanyoyin da ke gabanmu

Hanya ta farko ita ce kafa ƙaramar tashar karɓa da miƙawa a cikin yankin. Duwatsun nan da ke tare sigina su ne kuma wurin da ya fi dacewa a ɗora eriya, kuma Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk suna cikin tazarar da matsakaiciyar hasumiya a Kazaure za ta iya hangowa. Babura, da ke gabas, ita ce awo zai nuna ko za ta shiga ciki ko tana bukatar tata. Irin wannan tasha ba ta bukatar ƙarfi mai yawa, ana ma iya tafiyar da ita da sola da batura, amma tana bukatar lasisi, da mai gadi, da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Hanya ta biyu ita ce tauraron ɗan'adam. A shekarar 2025 Hukumar NBC da kamfanin NIGCOMSAT suka bayyana sabon tsarin kammala sauyin dijital wanda ya jingina a kan tauraro. Tauraro ba ruwansa da dutse ko nisa daga Dutse, amma aikin daidaitawa yana komawa gidan mai kallo. Tauraron NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamban 2011, yana tsaye ne a digiri 42.5 gabas, daga yankin Kazaure ana juya masa faranti gabas, a ɗan karkata kudu, a ɗaga shi kusan rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar sama. Kuskuren digiri biyu ko uku ya isa ya ɓatar da hoto, ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan ɗauke shi na ɗan lokaci. An ƙera tauraron ne don ya yi aikin shekara 15, don haka batun wanda zai gaje shi yana cikin lissafin duk mai tsara abin da zai ɗore.

A ganinmu, hanyoyin biyu suna taimakon juna: ƙaramar tasha ga garuruwa masu yawan jama'a, faranti kuma ga rugage da ƙauyukan da ke bayan duwatsu. Wadda za a fara da ita a kowane wuri, awo ne zai faɗa.

Kira ga shugabanni da jama'a

Muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin nan huɗu da su haɗa kai su nemi a yi awon sigina a gundumominsu kafin a shiga maganar kwangila. Kafin masu awo su zo, jami'an yaɗa labarai tare da dagatai da masu unguwanni za su iya tattara bayani mai sauƙi: sunan gari, tashoshin da ake kamawa, tsayin sanda, inda eriya ta dosa, da watan da hoto ya fara lalacewa. Takarda ɗaya mai irin wannan bayani ta fi wa injiniya amfani a kan koke goma masu cewa talabijin ba ya yi.

Haka nan duk kasafin da za a yi na sayen na'ura, a sa kuɗin kula da ita a cikinsa tun daga farko: kayan awo, da sassan canji, da horar da ma'aikata. Allah Ya albarkaci wannan yanki da makarantun da za su iya samar da masu wannan aiki, wato Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da makarantar fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics, duka a Kazaure, da kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a shekarar 2021. Bai dace a ce faifan eriya ya juya a Kazaure sai an jira wani ya taso daga Legas ba.

Ga magidanta kuwa, shawararmu ita ce kafin a sayi busta a fara duba abubuwa masu araha. A ƙara wa sanda tsawo, a juya eriya sannu a hankali ana duban ma'aunin ingancin sigina da ke cikin dikoda, a sauya wayar da rana ta busar, a naɗe mahaɗa don kada ruwa ya shiga. Busta tana ƙara ƙarfin abin da ta samu ne, mai kyau da marar kyau, ba ta ƙirƙiro siginar da babu ita. Wanda zai sayi sabon akwati ko dikoda ya tabbatar an rubuta DVB-T2 a jikinsa idan da eriya zai kama, ko DVB-S2 idan da faranti ne.

A ƙarshe muna jan kunnen jama'a game da rai da lafiya. Kada a kafa sandar ƙarfe kusa da wayar wutar lantarki, kada a hau rufi gyaran eriya idan hadari ya haɗu, kuma a cire wayar eriya daga jikin akwati lokacin tsawa. Kada yara su kusanci shingen hasumiya, domin siginar da ke fita kusa da eriyar tasha tana ƙona jiki. Wayoyin jan ƙarfe da ke binne a gindin hasumiya su ne ke kai tsawa ƙasa, wanda ya tone su ya sayar ya jefa na'urar al'umma gaba ɗaya cikin haɗari, don haka duk wanda ya ga ana taɓa su ya gaggauta sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro mafi kusa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani talakawa, Ya kuma zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya lafiya.